Sai Kashi na Biyu Ya Fito

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau asirin kaina zan tona da hannuna. Duk wadda ta yi mini dariya kuma, Allah Ya haɗa ta da saurayi mai ƙirga tsuntsaye irin nawa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, ni 'yar tela ce, ni ma kuma tela ce. Shagonmu yana manne da gidanmu, ƙofa ɗaya ta raba su. Keke uku ne a ciki. Akwai na Baba, tsohon baƙin nan mai feda da ya girme ni, akwai nawa mai lantarki, sai na ukun da ya mutu tun ina firamare amma Baba ya hana a fitar, a kansa muke jibge yadin mutane. A bangon da ke kallon ƙofa kuma akwai allo baƙi. Wannan allon ku riƙe shi da kyau. Duk ɗinkin da aka kawo, Baba zai ɗauki alli ya rubuta ranar karɓa, kuma abin da ya hau allon nan ba a goge shi sai kaya sun bar shago. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗinki, ban taɓa jin ya ce wa mutum "nan ba da jimawa ba". In ba zai iya ba zai gaya maka ba zai iya ba, ka kwashi yadinka ka yi gaba.

To 'yar wannan bawan Allah ce ta je ta kwaso son mutumin da duk rayuwarsa a kan "nan ba da jimawa ba" take tafiya.

A gidanmu Mai Gem ake ce masa. A waya kuwa, inda mabiyansa suka haura dubu ashirin, Malam Hasashe ne. Dogo ne siriri mai gilashi, ko ana zafin da kare ke lallage harshe yana cikin riga mai hula. Shagonsa yana hawa na biyu a wani rukunin shaguna, yana sayar da na'urar gem da hannayenta da faifan wasanni. Labule ya kawo mana ɗinki, baƙi mai kauri, wai hasken taga yana dukan talabijin ɗinsa. Sau huɗu ya dawo a rage tsawon labulen nan. A na huɗun Baba ya dube shi ta saman gilashi ya ce, "Samari, in aka ƙara ragewa zai koma hankici." Daga nan ya daina fakewa da labule.

Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ne da in yana magana a kan abin da yake so idonsa har wani haske yake yi, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Matsalarsa ɗaya ce, sunanta Tsibiri Bakwai.

Wasa ne na gem da ya fito shekara shida da suka wuce, duniya ta haukace a kansa, tun lokacin kuma ake jiran kashi na biyu. Kamfanin ya ce yana tafe, kuma a sabuwar na'ura kaɗai zai yi aiki. Sai Malam ya zauna ya yi tunaninsa: mutane da yawa sun ƙi sayen sabuwar na'urar saboda babu wasan da zai tilasta musu, amma ranar da kashi na biyu ya faɗo, har layi za a yi. Ya tattara abin da ya mallaka ya sayo guda arba'in, ya jera kwalayen tun daga ƙasa har rufi. Kowace Laraba da la'asar yana kafa waya a gabansu ya yi wa mabiyansa bayani kai tsaye a kan yaushe wasan zai fito. Ni kuma abin da aka gaya mini shi ne, da zarar kwalayen nan sun tashi zai kama gida, ya turo manyansa.

"Yaushe ke nan?" na tambaye shi tun bara.

"Sai kashi na biyu ya fito, Gimbiya."

Kun ji fa. Wasu matan albashi suke jira, wasu gini, ni wasu mutane nake jira a wata ƙasa da ban san sunan titinsu ba su gama zana jirgin ruwa.

Ranar wata Lahadi da hantsi, ina tsaye ina yanka doguwar riga mai ruwan zuma, na ji ƙamshin turaren Goggo tun kafin sallamarta. Goggo yayar Baba ce. Ta ci ado cikin leshi shuɗi mai duwatsu, wanda ni na ɗinka mata da hannuna amma take gaya wa mutane daga waje aka aiko mata, ga ɗaurin kallabi yana neman taɓa fanka. Ta ture tulin zare daga kan kujera ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Ke 'yar nan, har yanzu yaron nan mai wasan yara yana zuwa?"

"Goggo, ina kwana?"

"Lafiya lau. Yana zuwa?"

"Yana zuwa. Kuma ba wasan yara ba ne, Goggo, kasuwanci ne."

"Kasuwanci. Shekara nawa yanzu?"

"Biyu. Da ɗan wani abu."

"Da ɗan wani abu." Ta juya wajen Baba, wanda ya duƙufa a kan keke kamar ba ya ɗakin. "Kana ji ko? Ga ɗan ƙawata mai kemis, yaro natsattse, farar riga fes, sau uku uwarsa tana tuntuɓata. Shi magani yake sayarwa. Ciwon kai kuma ba ya jiran kashi na biyu."

Wato Umma ta fesa mata. Na waiga ƙofar cikin gida, ga ta nan tsaye da tsintsiya a hannu, tana sharar wurin da ta share tun da safe.

Baba ya ɗage ƙafa daga feda. In keken nan ya yi shiru a tsakiyar ɗinki, kowa a gidanmu ya san magana ta zo.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "ni ba zan zaɓa miki miji ba, ba ni zan zauna da shi ba. Mai kemis ɗin ma ku bar shi ya ji da kemis ɗinsa. Amma yaron nan sau biyu ina tambayarsa, sau biyu yana ce mini nan ba da jimawa ba. Yau saura kwana goma sha uku watan tara ya ƙare. Ki gaya masa ya kawo mini rana. Ban ce biki ba, ranar da manyansa za su zo kawai. In babu, ya daina kafe mini babur a ƙofar shago yana tare wa masu kawo ɗinki hanya."

Keke ya ci gaba da kuka. Goggo ta gyara kallabi irin na wadda ta gama aikin da ya kawo ta. Ni kuwa almakashi ya yi mini nauyi a hannu, don na san Baba. In ya ce kwana goma sha uku, ba sha huɗu yake nufi ba.

Ina shiga ɗaki na jawo waya.

"Baba ya ce ka kawo rana kafin ƙarshen wata."

Ko minti ba a yi ba amsa ta shigo. "Gimbiya, albishirinki! Kin ga sabon tallan?"

"Na ce Baba ya ce RANA."

"Ita nake gaya miki ai. A daƙiƙa ta arba'in da biyu tsuntsaye sun tashi daga kan jirgin ruwa. Na tsayar na ƙirga. Goma sha ɗaya cif! Watan sha ɗaya ke nan. Mutanen nan ba sa yin abu a banza."

"Da kaji ne fa, da sai ka ƙirga ƙwai?"

Ya turo fuskar dariya har guda biyar. Sannan ya rubuto doguwa: "Ki duba da kyau. Masu ƙera na'urar ba su yi cinikin da suka zata ba bana. Suna bukatar wasan nan kafin hutun ƙarshen shekara kamar yadda nake bukatarki. Dole su matsa wa kamfanin ya fito da shi."

"Kai kuma wa zai matsa maka?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga ƙarshe: "Ki ɗan ƙara mini haƙuri. Akwai abin da nake haɗawa. Nan ba da jimawa ba."

Na kifa wayar a kan filo na yi ta kallon rufi.

To yanzu ga asirin da na ce zan tona. A ƙarƙashin bidiyon Malam Hasashe akwai wani mai sharhi da ya addabe shi shekara guda cur. Ba hoto, ba suna, sai laƙabi: Sai-Na-Gani. Duk ranar da Malam ya tsayar, Sai-Na-Gani zai zo ya rushe ta, ya rufe da kalma uku, "sai na gani". Malam ya ce watan uku, aka ce masa a'a, watan uku ya wuce. Ya ce watan shida, haka. Har mabiyan suka rabu gida biyu, wasu ma ba don shi suke zuwa ba, don su ga me Sai-Na-Gani zai ce.

Ni ce. Eh, ni ɗin nan da ko gadar farko ta Tsibiri Bakwai ban taɓa hayewa ba tare da na faɗa ruwa ba.

Ba wani sirri na sani ba. Ni dai a shagon tela na tashi, na san muryar wanda bai gama aiki ba. Telan da ya gama ɗinki, kana shigowa zai nuna maka riga a rataye. Wanda ya baza maka yadi yana cewa dubi kyan launi, dubi laushi, ko yanka bai yi ba. Wannan ma na sha rubuta masa. Tallan nan minti uku ne na teku da gajimare da tsuntsaye, ba a nuna mutum ɗaya riƙe da hannun gem yana bugawa ba. Mai yin muryar jarumin kuma ya sa hotonsa a ɗakin naɗar murya, wai aiki ya yi daɗi yau. Yau fa! Wata guda da ya wuce har shawara na ba shi a fili, na haɗa da maganar kalmasa, wato naɗe bakin riga a ɗinke. Na rubuta: "Mutanen nan ko kalmasa ba su yi ba. Ka sayar da kwalayenka tun jama'a suna ɗokin jira, don ranar da aka ce an ɗaga, ko kallon na'urar ba mai yi. Sai na gani."

Da yammar ranar ya zo zance yana huci. "Gimbiya, wannan Sai-Na-Gani ya ishe ni. Ina ji a jikina wani dattijo ne mai furfura, irin masu kallon mutum ta saman gilashi." Na miƙa masa ruwa na ce, "Allah Ya shirye shi." Allah Ya yafe mini.

Me ya sa ban gaya masa baki da baki ba? Na gwada. In na faɗa da bakina sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai ki bar mana harkar." In Sai-Na-Gani ya rubuta kuwa, kwana yake yana juya maganar.

Laraba ta farko ta wuce, ba rana. Ta biyu ta zo, saura kwana uku wa'adin Baba ya cika. Da la'asar ina shago ina dasa maɓallai a rigunan makarantar wasu 'yan biyu, na jingina waya da gwangwanin allura, na toshe kunne ɗaya. Ga Malam nan cikin rigarsa mai hula, ga bangon kwalaye a bayansa. Ya zana jadawali a takarda yana nuna yadda cinikin na'ura yake hawa duk lokacin da babban wasa ya fito. Ya sake kawo tsuntsayensa. Wani ya rubuta masa, "Malam, yaushe za mu sha biki?" Sai ya yi dariya, ya shafa ƙeya, ya dubi kyamara kamar ni yake kallo.

"Duk mai jiran wani abu daga wajena ya ƙara haƙuri kaɗan. Nan ba da jimawa ba."

'Yan uwa, allura ta soke ni ban ma ji ba. Kaina ya ɗau zafi. Na fizgi wayar na hau rubutu da yatsa biyu:

"Malam, jiya kamfanin nan ya sa cigiyar ma'aikatan da za su gwada wasan. Wanda yake neman mai guga yanzu, ba gobe zai ba ka kaya ba. Ba bana ba ne. Kuma ka sani, kamfani ne ko mutum, wanda ya shirya rana yake faɗa. Wanda bai shirya ba shi ke cewa nan ba da jimawa ba, har mai jira ya gaji ya kwashe yadinsa. Sai na gani."

Na tura. Na ajiye. Na ɗauki maɓalli. Sai wani abu ya ce mini in sake dubawa.

Da azahar na sa hoton rigar wata amarya a shafin shagonmu, ban koma ɗaya shafin ba. Sharhin nan ya fita da sunan shagon Baba, da lambar wayata, da hotona tsaye a gaban allo, tef rataye a wuya, ina murmushi har kunne.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin yatsana ya kai ga gogewa, sharhi ya fara zubowa. "Kai! Sai-Na-Gani MACE ce?" "Tela ce wallahi!" "Ba ita ce ta ɗinka labulen ba?" "Malam, a gida ake cin ka ashe!" Shi kuma bai lura ba tukuna. Ya gyara gilashi ya ce, "Ga mutumina ya iso, bari mu ji ta yau," ya fara karantawa da ƙarfi yana kwaikwayon muryar tsoho. Ya kai wajen "kamfani ne ko mutum" sai muryar ta ragu. Idonsa ya hau sama inda sunan yake. Ya cire gilashi, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa.

"Jama'a," ya ce, "waya ta yi zafi. Sai wani makon."

Hoton ya ɗauke.

Na kira, ba a ɗaga ba. Na rubuta, "Don Allah ka saurare ni." Ya karanta, bai amsa ba. Alhamis haka ta wuce, labarin kuma kaf ya riga ya zaga gidanmu. Na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu, Baba ya karɓa ya warware da kansa.

Ranar Juma'a da hantsi kamfanin ya fitar da sanarwa, farin rubutu a kan baƙi. Suna godiya da haƙurin masoya, suna son su ba mu abin da ya dace da mu, saboda haka kashi na biyu sai shekara mai zuwa. Ko watan ba su faɗa ba.

Wayata ta kusa fashewa. Shafin shagonmu da ya shekara uku yana fama da mabiya ɗari huɗu ya tashi da dubu uku. Wani yana tambayata yaushe farashin na'ura zai sauka, wani yana so in duba masa ko ƙungiyarsa za ta ci kofi, mutum ɗaya tak ya tambayi kuɗin ɗinkin wando. Ni kuwa na shige bayan mataccen keke, na tusa fuska a cikin yadin mutane na yi kuka mai isata.

A nan Umma ta same ni. "Ikon Allah. Kin ci gardama kuma kina kuka?"

"Umma, kwali arba'in fa. Yanzu wa zai saya? Na kunyata shi a gaban mutum dubu ashirin, gobe kuma wata ya ƙare."

Ta zauna a gefena, ta zare yadin daga hannuna ta duba ko na ɓata shi da kwalli. "Gaskiya kika faɗa masa ko ƙarya?"

"Gaskiya."

"To ki bar shi da ita. In gaskiya ta kore shi, gara ta kore shi tun kina gidan ubanki. Tashi ki wanke fuska, wannan yadin na matar likita ne."

Ranar Asabar Goggo ta iso tun ƙarfe tara, wai zif ɗin jakarta ya lalace. Zif lafiyarsa ƙalau. Ta zo ganin ƙarshen wasa ne, har da guzurin ruwan sanyi. Ni na sa wata atamfa ruwan ganye da ban cika sawa ba, na ɗaura kallabi sau uku ina kwancewa, ina gaya wa kaina ba don kowa na yi ba. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Duk babur ɗin da ya gifta sai na leƙa ƙofa.

Wajen ƙarfe ɗaya na ji wanda na sani, mai tari sau biyu kafin ya mutu.

Da ƙyar na gane shi. Babu riga mai hula. Farar riga ce doguwa da wando, guga har tana ɗaukar ido, sai dai ɗinkin ba na shagonmu ba ne, kafaɗar ta ɗan zarce, na ga idon Baba ya sauka a kanta. Yana rungume da kwalin na'ura guda. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Goggo, ya gaida Umma da tsintsiyarta. Ni ko kallona bai yi ba. Ya ɗora kwalin a kan teburin yanka.

Goggo ta taɓe baki. "Wannan kuma fa? Mu ma wasan za a koya mana?"

"A'a, Goggo." Sai a lokacin ya juyo. "Sai-Na-Gani, ɗaga ki ji."

Fuskata ta yi zafi. Na sa hannu biyu na tattaro ƙarfi, sai kwalin ya taso sama kamar zai tashi da ni. Babu komai a ciki, sai wani abu ƙarami da ya yi ƙara a ƙasa. Na buɗe. Makulli ne guda biyu a zare ɗaya.

"Baba," ya ce, kansa a ƙasa, "kwalayen da ke bayana a bidiyo, talatin da bakwai fanko ne. Tun wata guda da ya wuce na fara sayarwa. Wani mai buɗe gidan wasa ya kwashi ashirin, bai ma bukaci kwalayen ba, sauran na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, su ma ba da kwali ba. Uku na bari don kada shago ya ji kunya. Wannan makullin ɗaki biyu da falo ne. Jiya da yamma mai fenti ya fita, kwana biyu ina tsaye a kansa."

Na buɗe baki na kasa rufewa. "Ka sayar? Kai da kake ta ƙirga tsuntsaye?"

"Zuciyata ta yarda da tsuntsaye, Gimbiya. Aljihuna kuma ya yarda da Sai-Na-Gani. Sau biyu yana kayar da ni, na ce ba zan tsaya na uku ya same ni da kaya ba. Laraba zan gaya wa mabiyana da bakina, su yi mini dariyar su huta."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"An rubuta mini cewa telan kirki riga yake nunawa, ba yadi ba. Na ce ba zan zo da baki ba sai da makulli."

Baba ya ajiye almakashi. "Tsaya, samari. Kana zagin mutum duk Laraba, kuma kana bin shawararsa a ɓoye. Me ya sa?"

Malam ya yi tsuru-tsuru. Ya shafa ƙeya. "Baba, in faɗi gaskiya?"

"Ita ake jira."

"Ranar da aka rubuta wai ko kalmasa ba su yi ba, na tambayi mutum biyar mece ce kalmasa, duk suka ce in tambayi tela. Ga maganar yadi, ga maganar rana. Wallahi Baba, na ɗauka kai ne."

Sai Umma ta saki tsintsiya ta riƙe ciki. Baba, mutumin da wayarsa ko hoto ba ta ɗauka, ya fara wata dariya da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, har ya cire gilashi yana share hawaye. "Ni? Ni ne dattijon mai furfura?" Wato wata guda bawan Allah nan yana zuwa gaida Baba yana rawar jiki, yana zaton surukinsa ne ke bin sa a waya yana kwance masa zani a kasuwa. Goggo ma ta so ta daure, kallabin ne ya tona ta, sai rawa yake yi.

Da dariyar ta lafa, Baba ya mayar da gilashi. Fuskarsa ta koma ta aiki. Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauko alli.

"Makulli na gani. Amma ba makulli na ce ka kawo ba."

Malam ya karɓi allin da hannu biyu. Ya je gaban allo, ya nemi wuri a ƙarƙashin rigunan 'yan biyu. Ya danna allin har ya karye, rabi ya faɗi ƙasa. Da guntun ya rubuta, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza: Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu, Kawu da Baffa.

Baba ya karanta a hankali, kamar yadda yake karanta awon mutum. "Ka san dokar allon nan?"

"Na sani, Baba. Ba a gogewa sai kaya sun bar shago."

Baba ya juyo ya dube ni ta saman gilashi, ya daɗe yana kallona. "To," ya ce, ya koma kan kekensa, ya daɗe yana neman ramin allurar da ya saba zura wa zare ido rufe.

Ni dai ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ina dariya ina sharewa da bakin kallabi. Goggo ta ɗauki makullin tana jujjuyawa. "Hawa na nawa ne gidan? Ni fa gwiwata ba ta son bene. Dama tun farko na ce yaron nan yana da kai." Umma ta dube ni, na dube ta.

Babur ɗin bai kai ƙarshen layi ba wayata ta yi ƙara.

"Sai-Na-Gani, jama'a suna jiran hasashenki. Wannan ranar fa, za a ɗaga?"

Na ɗago kai na dubi allon. Rubutun a karkace yake, ga garin alli a ƙasa inda guntun ya faɗi, ba wanda ya share. Na goge yatsana a jikin atamfa na rubuta masa kalma biyu.

"Na gani."